Ƙirƙirar Keɓaɓɓun Kalmomi a Hausa: Darasi Daga Jikin Minjirya

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga tambayar wani ɗalibi ɗan asalin Jugu, mazaunin unguwar Banikanni a birnin Paraku, arewacin Jamhuriyar Benin. Ɗalibin yana koyar da manya karatun Hausa da yamma, sai ya so ya shirya musu ɗan darasi a kan minjirya, kifin nan da yake jan mutum idan an taɓa shi. A littafin Faransancin da ya duba, ya tarar an kira ƙwayoyin da ke haddasa wannan ja da sunan "électrocyte". Bai sami Hausar kalmar a ƙamusun da ke hannunsa ba, don haka ya rubuta "ƙwayar lantarki" a allo. Washegari ya zo ya ce, "Malam, an sami matsala. Rabin ajin sun tashi da fahimtar cewa akwai ƙwan fitila a cikin kifin, wani dattijo kuma ya tambaye ni ko haɗiyar ƙwayar ake yi."

Abin dariya ne, amma akwai darasi a ciki. Idan aka raɗa wa abu sunan da bai dace da shi ba, to an koyar da kuskure tun kafin a fara bayani. Manufar takardar ita ce nuna wa ɗalibi matakan da ake bi wajen samar da keɓaɓɓiyar kalma. Za a fara da sanin abin da ake son raɗa wa suna, sannan a feɗe kalmar da aka kira shi da ita a harshen asali, daga nan a gwada hanyoyin da Hausa take bi wajen samar da sababbin kalmomi, a ga wadda ta fi dacewa.

2.0 Minjirya da 'Yan Uwanta

Minjirya kifi ce mai gashin baki irin na tarwaɗa, marar ɓamɓaroki, mai kauri da taushin jiki. Ana samun ta a Kogin Kwara, wajejen Malanbil da Karimama, haka kuma a kogin Weme da Tafkin Chadi da Kogin Nilu. Babbarta takan haura mita ɗaya, nauyinta ya kai kilo 20, kuma ƙarfin wutar da take saki yakan kai bolt 350. Domin kwatance, wutar gida a Benin da Nijeriya ba ta wuce bolt 220 zuwa 230 ba. Abin da ya sa jan minjirya bai cika yin kisa ba shi ne, kowane bugu ba ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na sakan. Da wannan wuta take sumar da ƙananan kifaye ta ci, da ita kuma take kare kanta.

Mutane sun san wannan kifi tun kafin su san lantarki. Akwai hotonta a bangon kabarin Ti da ke Sakkara a Masar, wanda aka zana fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Larabawa sun kira ta "ra'ad", daga saiwar da ke nuna karkarwa da tsawa, kuma Abdullaɗif al-Bagdadi ya siffanta ta a bayaninsa kan Masar a wajejen shekarar 1200. A 1857 likitan nan Bajamushe, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya, ya wallafa nazari a kan sashen jikinta da ke fitar da wuta.

Wani abin sha'awa ga ɗalibin Hausa shi ne, sunan da Bahaushe ya ba kifin ya shiga kundin kimiyya na duniya. A 1987 masanin kifi V. O. Sagua ya bayyana wani nau'i na daban da ya nazarta a Kainji, ya raɗa masa suna "Malapterurus minjiriya". Ke nan aro ba kullum yake tahowa daga waje zuwa Hausa ba. Sai dai a lura, akwai itaciya mai jan fure da jajayen 'ya'ya da ita ma ake kira minjirya, don haka muhallin magana ne yake bambance su.

Ba minjirya kaɗai ke da wuta ba. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, shi ma yana fitar da lantarki daga wajen wutsiyarsa, amma mai rauni ƙwarai, wanda ba ya jan mutum. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa yauni yana sakin bugu kusan 300 a kowane sakan ba tsayawa, daga baya kuma aka tabbatar da haka yake gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu da gurɓataccen ruwa. A Kudancin Amurka kuwa akwai wani dogon kifi wanda aka auna wutar wani nau'insa ta kai bolt 860, kamar yadda aka bayyana a 2019. Wannan ya nuna dole kalmar da za mu samar ta game mai ƙarfi da mai rauni, na gida da na waje.

3.0 Yadda Ƙwayar Take Aiki

Mai ƙirƙirar kalma ba zai yi nasara ba sai ya fahimci aikin abin. Ga bayanin a taƙaice.

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kowace kuma tana lulluɓe da tantani. Ƙwayar tana tura sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya, zuwa waje, tana jawo fotasiyam, wanda ake samu a toka, zuwa ciki. Wannan rashin daidaito tsakanin ciki da waje shi ke haifar da ɗan ƙarfin lantarki a jikin tantanin. Abin lura a nan shi ne, wannan hali bai keɓanta ga kifi ba. Ƙwayoyin tsokar mutum da na jijiyoyin da ke kai saƙo a jikinsa duk da haka suke aiki.

Ƙwayar da muke magana a kanta, a yawancin kifayen, asalinta ƙwayar tsoka ce da ta daina motsi, ta baje kamar faifai, ta sami fuska biyu. Idan kifin yana hutawa, ƙarfin da ke fuskar gaba da wanda ke fuskar baya suna soke juna, babu abin da ke fita. Idan saƙo ya zo daga jijiya, sai ƙofofin da ke tantanin su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, fuskokin biyu su saɓa wa juna. A wannan ɗan lokaci ƙwaya ɗaya takan ba da kimanin bolt 0.15, wato kashi ɗaya cikin goma na dutsen tocila guda, wanda ke da bolt 1.5.

To, ina aka sami bolt 350? Amsar tana cikin jeri. Kamar yadda ake jera duwatsu a tocila, kan wannan a gindin wancan, ƙarfinsu ya haɗu, haka ƙwayoyin suke jere, duk suna fuskantar gefe guda. Idan aka raba 350 da 0.15 za a sami sama da 2,300. Wato ana buƙatar ƙwayoyi dubbai a jere, su buga a lokaci ɗaya. A jikin minjirya, manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu kacal da ke cikin laka, ɗaya dama ɗaya hagu, su ke ba da umarnin wannan bugu.

Na taɓa tambayar wani dattijo Basarke da ke kawo kifi daga Malanbil zuwa kasuwar Arzeke a Paraku, na ce, "Baba, a ina wutar take a jikinta?" Ya ce, "Ɗana, ba a cikin nama take ba. Tana ƙarƙashin fata, ta zagaye ta kamar riga. In ka feɗe ka cire rigar, sauran kifi ne kamar kowane." Bayanin dattijon ya yi daidai da na masana: a jikin minjirya ƙwayoyin suna shimfiɗe ne tsakanin fata da tsoka, sun kewaye kusan dukkan gangar jiki.

Daga wannan bayani mun fitar da siffofi uku da kalmarmu za ta kiyaye. Na ɗaya, ƙwayar halitta ce mai rai. Na biyu, aikinta na musamman shi ne samar da lantarki domin a fitar da shi waje. Na uku, ba kullum take fitarwa da kanta ba, sai da umarnin jijiya.

4.0 Feɗe Kalmar Asali

Kalmar "electrocyte" ta Ingilishi, da takwararta ta Faransanci, harɗaɗɗiya ce daga saiwoyi biyu na Girkanci. Ta farko, "elektron", tana nufin wani daskararren ƙaro mai ruwan zuma, wanda idan aka goga shi yakan jawo ƙananan abubuwa marasa nauyi. Daga nan William Gilbert ya samar da kalmar Latin "electricus" a 1600. Ta biyu, "kytos", tana nufin mazubi ko abu mai rami a ciki. Idan aka fassara ta kai tsaye sai a sami "mazubin ƙaro", wanda ba shi da ma'ana ga kowa. Kafin wannan kalma ta yi ƙarfi, masana sun fi amfani da "electroplaque", wato farantin lantarki, saboda siffar ƙwayar. Ke nan su ma Turawa sun raɗa suna, sun ga bai gamsar ba, sun sauya.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. A Ingilishi kalmar "cell" tana nufin ƙwayar halitta, tana kuma nufin dutsen tocila guda. Robert Hooke ne ya fara amfani da ita ga halitta a 1665, da ma'anar ƙaramin ɗaki. Faransanci kuwa ya raba su: "cellule" ga ƙwayar halitta, "pile" ga batir. Saboda haka ɗalibin Kano da ya yi karatu da Ingilishi zai fi saurin karkata ga "batir", ɗalibin Paraku kuwa ba zai ga dalilin haka ba. Sai dai alaƙar ba ta banza ba ce. Lokacin da Alessandro Volta ya ƙera batir na farko a 1800, ya jera fayafayan ƙarfe ɗaya kan ɗaya, kuma shi da kansa ya kwatanta abin da ya ƙera da sashen jikin kifi mai wuta. Kifi ne ya riga batir.

5.0 Hanyoyin Samar da Kalmar a Hausa

Aikin tace baƙin kalmomi da ƙirƙirar sababbi ba sabo ba ne a Hausa. Hukumar Hausa ta yi shi a shekarun 1950, littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusunta a 2006. Hanyoyin da aka saba bi su ne za mu gwada a nan.

5.1 Aro

Hanya mafi sauƙi ita ce a ari kalmar a hausantar da ita. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Don haka dole a wargaza cunkoson baƙaƙen da ke tsakiyar kalmar ta hanyar saka wasali. Irin wannan gyara aka yi wa "electric" har ta zama "lantarki": wasalin farko ya faɗi, aka raba baƙaƙen tsakiya, aka ƙara wasali a ƙarshe.

Matsalar ita ce, daga wane harshe za a ara? Mai bin lafazin Ingilishi zai ce "ilaktarosait", mai bin na Faransanci ya ce "elektarosit". Hausawan Paraku da Jugu, waɗanda kakanninsu suka zauna a zangunan hanyar fatauci ta goro zuwa Gwanja, suna zaune ne tare da masu jin Dendi da Bariba, kuma Faransanci ne harshen makarantarsu. Shi ya sa ake jin "kuran" da "pil" da "lakwal" a bakinsu, inda Bakano zai ce lantarki da batir da makaranta. Idan aka bi hanyar aro za a sami kalma biyu ga abu ɗaya, kuma babu wadda za ta gaya wa dattijon ajin yamma komai. Kayan aro ba ya rufe katara.

5.2 Fassarar Saiwa da Saiwa

Wannan ita ce hanyar da ɗalibinmu ya bi: "cyte" ta zama ƙwaya, "electro" ta zama lantarki. Illarta uku ce. Ta yi kusa da "ƙwan lantarki" a kunne. Kalmar "ƙwaya" ita kaɗai tana ɗauke da ma'anar hatsi da magani da ma kayan maye. Sannan malamin kimiyya zai iya buƙatar "ƙwayar lantarki" ga abin da ake kira "electron", wanda ba mai rai ba ne. Wasu kan yi amfani da "tantani" a madadin ƙwayar halitta, amma mun ga a sashe na 3.0 muna buƙatar wannan kalma ga lulluɓin ƙwayar. Idan muka ba ta aiki biyu, bayanin zai cakuɗe.

5.3 Faɗaɗa Ma'ana

Hausa takan ɗauki tsohuwar kalma ta ɗora mata sabuwar ma'ana. Jirgi na ruwa ne kafin a sami na ƙasa da na sama, dutse kuma ya zama batirin tocila. A wannan hanya za a iya cewa "dutsen minjirya". Sunan yana da daɗin ji, kuma yana tuna wa mutum jeri irin na tocila. Amma ya saɓa wa siffa ta ɗaya, domin dutse ba mai rai ba ne, kuma mai saurare zai ɗauka wani abu ne mai tauri da za a tsinta idan an feɗe kifin. Bugu da ƙari, ya bar yauni da sauran kifayen a waje. Ya dace da kwatance a cikin aji, bai dace da zama suna ba.

5.4 Ɗafi da Harɗantawa

Ɗafa-goshin "ma-" yana samar da sunan mai aiki, kamar maɗinki, da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi, da sunan wuri, kamar majema. Idan aka ɗauki aikatau "haifa" za a sami "mahaifar lantarki", amma mahaifa ta riga ta zama sunan wani sashen jiki, sai a ɗauka a nan kifin yake ɗaukar ƙwai. Idan aka ɗauki "ajiye" za a sami "ma'ajiyar lantarki", wadda ke nuna kamar wutar tana tare ne a wuri ɗaya ana ɗiba, alhali mun ga a lokacin bugu take samuwa.

Akwai kuma harɗaɗɗun kalmomi masu farawa da aikatau, irin su hana-salla da dafa-duka da faɗi-ka-mutu, waɗanda Joseph McIntyre ya yi littafi a kansu a 2006. Bisa wannan ƙira za a iya cewa "saki-wuta". Gajeriya ce, amma irin waɗannan kalmomi sukan zo da ɗanɗanon raha ko kirari, kuma ba ta nuna cewa ƙwaya ake nufi ba. Za a iya kiran kifin kansa da ita, ko bindiga.

5.5 Siffantawa da Aiki

Hausa tana da wata ƙira mai yawan amfani: suna, da harafin mallaka, da aikin da abin yake yi. Misalai su ne injin niƙa, maganin kashe ƙwari, na'urar sanyaya ɗaki, tashar samar da lantarki. Cikakken bayani zai kasance "ƙwayar halitta mai samar da wutar lantarki", amma wannan ma'ana ce irin ta ƙamus, ta yi tsawo ga suna. Idan aka rage ta bisa waccan ƙira sai a sami:

ƙwayar samar da lantarki, a tilo;
ƙwayoyin samar da lantarki, a jam'i.

Wannan ita ce shawarar takardar. Shigowar "samar da" tsakanin kalmomin biyu ta raba ta da ƙwan fitila, domin ƙwan fitila cin wuta yake yi. Ta kuma bambanta ta da sauran ƙwayoyin jiki, waɗanda suke da ɗan lantarki amma ba samar da shi ne aikinsu ba. Ta game minjirya da yauni da kifin Kudancin Amurka. Dangane da dukkan shimfiɗar da ke ƙarƙashin fatar minjirya kuwa, babu laifi a bi dattijon Malanbil a ce "rigar lantarki", da sharaɗin a san minjirya kaɗai wannan suna ya dace da ita, tun da na yauni a wutsiya yake.

6.0 Gwada Kalmar a Jimla

Kalma ba ta tabbata sai an ga zamanta a jimla. A dubi waɗannan:

1. Ƙwayar samar da lantarki asalinta tsoka ce.
2. Ƙwayoyin samar da lantarkin yauni suna wajen wutsiya.
3. Idan saƙo ya iso, sai ƙwayoyin su buga tare.

Jimla ta 1 ta nuna jinsin kalmar tamata ne, bisa jinsin "ƙwaya". Jimla ta 2 ta nuna jam'i yana faɗawa ne a kan kalmar farko, harafin mallaka kuma yana maƙalewa a ta ƙarshe ba tare da wahala ba. Jimla ta 3 ta nuna idan an ambaci cikakken sunan sau ɗaya, ana iya taƙaita shi a sauran bayani. Raunin da ya rage shi ne, sunan bai faɗi ƙarara cewa ƙwayar mai rai ce ba. Maganin haka shi ne malami ya kawo cikakkiyar ma'anar a farkon darasi, sannan ya ci gaba da gajeren suna.

Ɗalibin Banikanni ya koma ajinsa da wannan kalma, ya tafi da tocila da duwatsu uku. Ya ce da ya juya dutse ɗaya tocilar ta ƙi kamawa yadda ta saba, nan take ajin suka gane dalilin da ya sa dole ƙwayoyin su fuskanci gefe guda. Wani daga cikinsu mai cewa "kuran" ya maimaita sunan da "ƙwayar samar da kuran", aka kuma fahimce shi. Wannan alama ce mai kyau, domin ƙirar ta jure sauyin kalma ɗaya ba ta rushe ba.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bi matakai huɗu: sanin abin, feɗe sunansa na asali, gwada hanyoyin Hausa ɗaya bayan ɗaya, da auna sakamako a jimla da kuma a kunnen masu harshe. An ga cewa aro zai raba Hausar Nijeriya da ta Benin da Nijar, fassarar saiwa da saiwa tana kawo ruɗani, faɗaɗa ma'ana kuma ta fi amfani wajen kwatance. An ba da shawarar "ƙwayar samar da lantarki". Shawara ce, ba hukunci ba, domin masu magana da harshe su ke da ikon karɓa ko watsarwa. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, kafin ya buɗe ƙamus ya fara tambayar masunta da mahauta da maƙera, domin sau da yawa rabin amsar tana wurinsu.

Jinga

1. Kalmar "jijiya" tana nufin hanyar jini da abin da ke ɗaure tsoka da ƙashi da kuma mai kai saƙo a jiki. Samar da suna na daban ga kowanne, ka bayyana hanyar da ka bi.
2. Tattaro kalmomi goma da Hausar garinku ta aro daga Faransanci ko Ingilishi a fannin wutar lantarki, ka nuna sauyin sautin da aka yi wa kowace.
3. Ziyarci masu sayar da kifi a kasuwa mafi kusa da kai, ka rubuto sunayen da suke kiran minjirya da yauni, da aikatau ɗin da suke amfani da shi idan minjirya ta taɓa mutum.